Ƙwayoyin ɓargo da ke riƙe hannun garkuwar jiki: maciya amana ne ko masu raba faɗa?

Ɗalibar_Likitanci: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya a aji malaminmu ya taɓo wasu ƙwayoyi da ake kira MDSC a taƙaice, wato ƙwayoyin ɓargo masu danne garkuwar jiki, ya wuce da sauri kamar ana korarsa. Abin da na kama shi ne daga ɓargo suke fitowa, dangin fararen ƙwayoyin jini ne, amma maimakon su yaƙi ciwon daji sai su riƙe hannun ƙwayoyin T, wato sojojin da za su kashe shi. Tun daren jiya abin ke damuna. Me zai sa jiki ya ƙera abin da zai taimaki cutar da za ta hallaka shi? Ko kuwa kansar ce da kanta ke ƙera su? Manya a taimaka, jarrabawa saura mako biyu.

Mai_Madubi: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kansa ba ta ƙera su, ɓargonki ne ke ƙerawa, ita kansar umarni kawai take aikawa. A kullum ɓargon babban mutum yana fitar da ƙwayoyin nutrofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, wajen biliyan 100, kuma sai sun nuna suke fitowa. To ƙari yana zuba wasu sinadarai a jini, irin su GM-CSF da G-CSF da IL-6, waɗanda ke gaya wa ɓargo cewa ana yaƙi, a turo sojoji da gaggawa. Ɓargo sai ya shiga fito da su ɗanye-ɗanye. Kin san tuwon da aka sauke bai dahu ba. Idan yaƙin na kwana uku ne ba matsala. Idan ya zama na wata da watanni, waɗannan da ba su nuna ba su ne ke taruwa a jini da saifa da cikin ƙarin kansa, kuma halinsu ya sauya.

Baban_Sadiq: Ni ba likita ba ne, malamin makaranta ne, na shigo zauren nan ne saboda jinyar yayata. Amma dai in na fahimta, munafukai ne a cikin runduna kenan?

Likitan_Ƙauye: Malam Baban Sadiq, Allah ya ba ta lafiya. Ni kam ba zan kira su munafukai ba. Ka ɗauki mace mai ciki. Rabin abin da ke jikin ɗan tayi daga uba ne, a wurin garkuwar uwa baƙo ne. Da za a bar ƙwayoyin T su yi yadda suke so, ai da babu cikin da zai kai wata 9. An samu irin waɗannan ƙwayoyi da yawa a jinin masu ciki da cikin mabiyiya, har da jinin cibiyar jariri. Suna daga cikin masu cewa "a bar shi, namu ne." Haka idan gyambo zai warke, dole wani ya ce wa sojoji ku mayar da wuƙa kube, in ba haka ba su cinye naman da ke tsirowa. Don wannan aikin jiki ke da su. Kansa ta zo ta tarar da ƙofar ne ta shiga.

Uwar_Tagwaye: Ikon Allah. Wato ni da na ɗauki biyu a lokaci guda nawa sun yi aikin ninki. Allah ya saka musu.

Bakatsine: Likita ya kawo gyambo, bari in ɗora. Tun 1863 Rudolf Virchow na Jamus ya lura da fararen ƙwayoyin jini a cikin ƙari, ya ce akwai alaƙa tsakanin kumburi mai daɗewa da kansa. A 1986 kuma Harold Dvorak na Amurka ya kwatanta ƙari da miki da ba ya warkewa. In kin riƙe wannan kwatancen, ɗaliba, tambayarki ta amsa kanta rabi. Jiki yana ganin ƙari a matsayin miki, yana ta turo masu gyara: a kwantar da faɗa, a shimfiɗa sababbin jijiyoyin jini, a sassauta naman da ke kewaye. Duk abin da miki ke buƙata don ya warke, shi ƙari ke buƙata don ya girma ya bazu.

Ɗalibar_Likitanci: Na gode ƙwarai. To amma ta yaya suke riƙe hannun ƙwayoyin T ɗin? Nan ne malam zai yi mana tarko, na san halinsa.

Malam_Garkuwa: Zauna ki ji, 'yata, wannan shi nake koyarwa.

Hanyar da na fi son ɗalibai su fara da ita ita ce ta yunwa. Ƙwayar T ba ta iya hayayyafa sai da wani sinadarin gina jiki mai suna arjinin. Su kuwa MDSC suna ɗauke da wani sinadari mai suna arjines, wanda ke farfasa arjinin ɗin. Su cinye na unguwar kaf, ƙwayar T ta iso ta tarar tukunya wayam. Ba mutuwa take yi nan take ba, amma wani sashe na na'urar da take gane abokin gaba da ita, wanda ake kira sarƙar zeta, sai ya ragu, ta kuma daina rabuwa. Augusto Ochoa da abokan aikinsa a Amurka sun yi aiki sosai a kan wannan. Haka suke yi da sistin ma, wani sinadarin gina jikin, su tara su hana.

Sai guba. Suna fitar da nitirik oksaid da wasu nau'o'in iskar oksijin masu ƙuna. Idan biyun suka haɗu sukan ba da feroksinaitarait, wanda ke manne wa na'urar ganewar ƙwayar T ya lalata ta. Soja na nan tsaye da bindiga, amma an shafa masa barkono a ido.

Bayan haka suna zuba sinadaran IL-10 da TGF-beta masu kwantar da garkuwa, suna kiran ƙwayoyin T masu tsawatarwa, waɗanda su ma aikinsu hana faɗa ne. Wasu kuma suna ɗauke da PD-L1 a jikinsu, alamar da ke taɓa PD-1 na ƙwayar T ta taka mata birki. Kuma ba garkuwa kaɗai suke taɓawa ba, suna fitar da sinadaran VEGF da MMP9 masu buɗe wa ƙari hanyar jini. A gwajin ɓeraye an ga irinsu suna riga ƙwayoyin kansa isa huhu, su share wuri kafin baƙi su sauka.

Iri biyu ne manya: masu kama da nutrofil, su ne suka fi yawa a yawancin kansa, da masu kama da monosait, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini na daban, waɗanda in sun shiga cikin ƙari sukan rikiɗe su koma makarofaj na ƙari, wato manyan ƙwayoyi masu haɗiye tarkace. In kin rubuta wannan ba wanda zai kayar da ke.

Mai_Madubi: Malam, ranka ya daɗe, da izininka zan ja da abu ɗaya. Ka ce "masu kama da nutrofil." Ni shekarata goma sha ina kallon jini a madubi, kuma na rantse ba wanda zai nuna mini wannan nutrofil ce, waccan MDSC ce. Kamarsu ɗaya. Anya ba nutrofil ɗin ba ce kawai ta shiga wani hali, muka raɗa mata sabon suna don a samu abin rubutawa?

Malam_Garkuwa: Ja da kyau, ai don haka aka buɗe zauren. Kuma ba kai kaɗai ba ne, akwai masana da dama da ke kan ra'ayinka, sun fi son a ce "nutrofil mai danne garkuwa" a huta. Sunan kansa ba tsoho ba ne. Tun shekarun 1970 ake ganin ƙwayoyi masu danne garkuwa a ɓerayen da ke da ƙari, kowa na kiransu da sunan da ya ga dama. Sai a 2007 Dmitry Gabrilovich da Vincenzo Bronte da Suzanne Ostrand-Rosenberg da wasu suka rubuta wasiƙa a mujallar Cancer Research suka ce a tsaya a kan MDSC. Ɗaya daga cikin dalilan ma shi ne tsohon taƙaitaccen sunan, MSC, yana rikicewa da na wasu ƙwayoyin daban. A 2016 aka sake zama aka fitar da sharuɗɗa, kuma babban sharaɗin shi ne: kada ka kira ƙwaya MDSC sai ka haɗa ta da ƙwayoyin T ka nuna ta danne su. Wato da aiki ake gane ta, ba da fuska ba.

Mai_Madubi: To ai ka ba ni gaskiya kenan, Malam. In da aiki ake gane ta, hali ne ba jinsi ba. Ɓarawo ba ƙabila ba ce.

Malam_Garkuwa: Rabin gaskiya na ba ka. Akwai bambancin da ake iya aunawa. In ka juya jini a na'ura a kan ruwan Ficoll, mai raba ƙwayoyi bisa nauyinsu, nutrofil ta lafiya nutsewa take yi ƙasa tare da jajayen ƙwayoyi, waɗannan kuwa ba su da nauyi, sai su tsaya sama tare da limfosait, wato dangin ƙwayoyin T. Ƙwayoyin gadon da suke kunnawa ma sun bambanta. A 2016 ɗin dai aka ba da rahoton wata alama, LOX-1, da ake samu a jikinsu a jinin masu kansa amma da ƙyar ake ganinta a nutrofil ɗin mai lafiya. Ko ka kira shi hali, hali ne da ya kama jiki har ya sauya nauyi.

Ɗan_Damagaram: Salamu alaikum, daga Nijar nake, ina karatun digiri na biyu a waje. Maganar Ficoll ta tuno mini baƙin cikina. Wata 4 na yi ina tara jinin marasa lafiya, ina daskarewa, da niyyar in auna duka rana ɗaya don in rage kuɗin sinadarai. Ranar da na narkar na sa a na'ura, masu kama da nutrofil ɗin sun ɓace ƙurmus. Ashe ba sa jure daskarewa, sai an auna su da ɗumi-ɗuminsu cikin 'yan sa'o'i. Ba wanda ya gaya mini, kuma mai duba aikina ya ɗauka na sani. Na koma gida na kwanta ban ci abinci ba. Duk wanda zai yi aiki a kansu ya ji da kyau.

Bakatsine: Sannu Ɗan Damagaram. Wannan ma na daga cikin abin da ya sa alƙaluman bincike ba sa haɗuwa, wani ya auna sabon jini, wani daskararre. Sannan a ɓera gane su da sauƙi, ka duba alamomin jikin ƙwaya biyu, CD11b da Gr-1, ka gama. Mutum ba shi da Gr-1 sam. Sai ka haɗa CD11b da CD33, ka duba HLA-DR ya yi ƙasa, sannan ka raba da CD14 ko CD15. Kowane ɗakin gwaji da inda yake ja layinsa.

Baban_Sadiq: Malamai kun tafi sama kun bar mu a ƙasa. Tambaya ɗaya gare ni. Tunda Malam ya ce arjinin suke cinyewa, ni kuwa na ga ana sayar da shi a kantin magani, masu ɗaga ƙarfe na sha. In saya wa yayata?

Harhaɗa_Magani: Don Allah Malam kada ka saya. Matsalar ba ƙarancinsa a abinci ba ce, tana samunsa a wake da gyaɗa da nama. A cikin ƙarin ne ake farfasa shi, in ka ƙara sai ka ƙara wa mai farfasawa aiki. Kuma ƙwayoyin kansa ma suna cin arjinin, har akwai irin kansar da ake gwada yi wa magani ta hanyar hana ta shi. Ka ga abin kaifi biyu ne. Duk abin da za ta sha, ko na kanti ko na gargajiya, a fara nuna wa likitan da ke duba ta.

Sarkin_Zolaya: Ni dai na ji an ce Viagra na maganinsu. In gaskiya ne to wasu dattawan unguwarmu sun daɗe da yin rigakafi.

Uwar_Tagwaye: Kai dai ba ka da kunya wallahi.

Harhaɗa_Magani: Abin dariya, amma bai yi ƙarya duka ba. An nuna a ɓeraye cewa sildenafil na rage arjines da sinadarin da ke samar da nitirik oksaid a waɗannan ƙwayoyi. An kuma gwada ɗan uwansa tadalafil a kan masu kansar kai da wuya a Amurka, aka ga adadinsu ya ragu a jini. Amma raguwar ƙwaya a jini daban, warkewar mutum daban. Ba a amince da shi a matsayin maganin kansa ba. Haka ATRA, dangin bitamin A da ake ba masu wani nau'in kansar jini, yana tura su su ƙarasa nuna, an ga hakan a masu kansar ƙoda. Tsofaffin magunguna irin jemsitabin da 5-FU ma suna rage su. Akwai kuma masu toshe CXCR2, hanyar da suke bi su shiga ƙari, ana kan gwada su. Har yau dai babu wani magani a kasuwa da aka yi wa rajista don su kaɗai.

Ɗalibar_Likitanci: To me ya sa ake ta rububinsu yanzu, in tun 1970 aka san da su?

Malam_Garkuwa: Saboda sababbin magungunan da ke kwance wa ƙwayoyin T dabaibayi. An amince da ipilimumab a Amurka a 2011, masu toshe PD-1 suka biyo baya, James Allison da Tasuku Honjo suka karɓi kyautar Nobel a 2018 a kan wannan. Wasu marasa lafiya da aka fidda rai da su suka miƙe. Amma da yawa maganin bai yi musu komai ba, aka shiga tambayar dalili. A masu kansar fata ta melanoma an lura cewa waɗanda MDSC ɗinsu ke da yawa a jini ba su cika amfana ba. Ka kwance wa doki dabaibayi, amma ka bar shi ba ci ba sha, ina zai je? Sai dai a yi hattara da zumuɗi. A 2018 ɗin nan babban gwajin maganin epacadostat, mai toshe sinadarin IDO, wata hanyar sa wa ƙwayoyin T yunwa ta daban, ya faɗi warwas a melanoma bayan an sa masa rai sosai. Toshe ƙofa ɗaya a gida mai ƙofa goma bai cika hana ɓarawo fita ba.

Likitan_Ƙauye: Bari in jawo mu gida kaɗan, don mu a nan ba melanoma ce ta dame mu ba, ciwon hanta nau'in B ne. Wani bincike daga ɗakin gwajin Mala Maini a Landan, a 2015, ya nuna cewa masu ɗauke da ƙwayar cutar da yawa amma hantarsu ba ta kumbura ba suna da waɗannan ƙwayoyi masu arjines da yawa. Lokacin da hantar ke ƙuna kuwa sai a ga sun ragu. Ka ga a nan kare hanta suke yi daga sojojin mai ita, domin a wannan ciwon yawancin ɓarnar garkuwar jiki ce ke yinta, ba ƙwayar cutar kai tsaye ba. Amma kuma kwantar da faɗan na iya ba ƙwayar cutar damar zama shekara da shekaru. To ku gaya mini, abokai ne ko maƙiya? Ni na kasa yankewa. Abin da na sani shi ne matasa 'yan shekara 30 da 40 nake gani da kansar hanta, ciki ya kumbura, an zo a makare. Ciwon hanta tun yarinta, ga gubar aflatoksin ta gyaɗa da masarar da ta yi fumfuna. Allurar rigakafin da ake yi wa jariri ranar haihuwa ta fi duk wannan lissafin araha.

Nas_Maryama: Likita ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. A ɗakin masu jinya ta musamman nake aiki. Mai gubar jini, wanda ƙwayoyin cuta suka mamaye jininsa, sai mu yi ta fama har ya tsallake makon farko, 'yan uwa su fara murna, sai kuma wata 'yar cuta da ba ta isa ta kayar da yaro ba ta zo ta ɗauke shi a mako na uku. Na daɗe ina mamaki. Wani babban likitanmu ya ce garkuwar ce ke sanƙarewa bayan gobarar farko, kuma ya ambaci waɗannan ƙwayoyin. Su ne kuwa?

Malam_Garkuwa: Suna ciki, Malama Maryama, ko da yake ba su kaɗai ba, limfosait ma mutuwa suke yi da yawa a wannan halin. An ga MDSC sun daɗe da yawa a jini makonni bayan gubar jini, kuma an danganta hakan da sake kamuwa da cuta a asibiti. An same su a tarin fuka da ƙanjamau da korona mai tsanani, har da ƙiba da tsufa. Duk inda kumburi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Bakatsine: Tsargiya ma kumburi ce mai daɗewa, ƙwai na maƙale a bangon mafitsara shekara da shekaru, kuma an tabbatar tana jawo kansar mafitsara. Yaranmu na wanka a kududdufi suna fitsarin jini, wasu iyayen na ɗauka alamar balaga ce. Da ma wani cikin ɗalibanmu zai ɗauki wannan ya auna ƙwayoyin nan a jininsu. Ɗan Damagaram, ga aiki.

Ɗan_Damagaram: Yaya, na'urar ce matsala. Na'urorin ƙirga ƙwayoyin T na CD4 da aka kawo don masu ƙanjamau yawancinsu ba sa ɗaukar launuka da yawa, wannan aikin kuwa yana son biyar ko shida a lokaci guda, kowace alama da launinta. Ga tsadar sinadaran, ga sai an ajiye su cikin sanyi, ga wuta. Kuma ka tuna sabon jini ake so. Daga ƙauye zuwa birni a kan hanyarmu, kafin ka iso sun mutu.

Mai_Madubi: Akwai na talaka. Gwajin ƙirgar jini na yau da kullum, ka raba adadin nutrofil da na limfosait. An daɗe da lura cewa idan rabon ya yi sama a masu kansa iri-iri, jinyar kan fi wuya. Ba MDSC kake ƙirgawa ba kai tsaye, amma inuwarsu ce.

Harhaɗa_Magani: Inuwa mai ruɗi dai. Zazzaɓin ƙwayar cuta, allurar siteroid, tiyata, duk suna ɗaga shi. Kada wani ya ɗauko takardar gwajinsa daren nan ya yi lissafi ya hana kansa barci.

Baban_Sadiq: Wallahi har na ɗauko ta yayata. Na mayar. Amma Malam Harhaɗa, na ji an ambaci G-CSF a sama a cikin masu kiran waɗannan ƙwayoyin. Ita kuwa bayan kowane zagayen ƙarin ruwan kansa ana yi mata wata allura ta ƙara fararen ƙwayoyin jini, na ga kamar haka aka rubuta a kwalin. Ba a cuce ta ba kuwa?

Harhaɗa_Magani: Idonka da kaifi, Malam. Filgirastim ce, G-CSF ce ta kwalba. Masana sun yi wannan tambayar taka. Amma allurar 'yan kwanaki ce, ba irin ambaliyar da ƙari ke yi ba dare ba rana. Kuma abin da ake gudu a fili yake: maganin kansa na kwashe nutrofil, zazzaɓi ɗaya a wannan halin na iya kashe mutum cikin kwana ɗaya ko biyu. Kada a tsallake ta.

Ɗalibar_Likitanci: Na cika shafi 3. Amma fa tambayata ta farko na nan. Likitan Ƙauye ya ce masu raba faɗa ne da kansa ta yaudara. Yaya Mai Madubi ya ce ba su ma da wani jinsi nasu. In malam ya ce "bayyana MDSC" wanne zan rubuta?

Malam_Garkuwa: Rubuta ma'anar 2016, sannan ki ƙara layi biyu cewa ana jayayya. Malamin kirki zai ƙara miki maki.

Mai_Madubi: Malamin da ba na kirki ba kuma zai cire. Ki fara bincika wane iri ne naku.

Likitan_Ƙauye: Ni abin da ke tsaya mini a rai, in an samu maganin da zai share su kaf, me zai faru da hantar mai ciwon B, ko mace mai ciki, ko wanda aka dasa wa ƙoda? Masu dashen gaɓoɓi ma neman yadda za su ƙara su suke yi, mu muna neman ragewa.

Sarkin_Zolaya: Wato likitoci biyu a asibiti ɗaya, ɗaya na kiwo ɗaya na yanka.

Ɗan_Damagaram: Yaya Bakatsine, maganar tsargiya ta shiga raina fa. In jinin ba zai iya zuwa wurin na'ura ba, akwai sinadarin da ake sa wa ya kafe ƙwayoyin bayan an yi musu launi, su yi kwana ɗaya ko biyu. Gwajin danne ƙwayoyin T ne ba zai yiwu da kafaffu ba. Malam Garkuwa, in babu wannan gwajin, za ka yarda in kira su MDSC a rubutuna ko sai dai in ce "masu kama da"?

Malam_Garkuwa: "Masu kama da." Kuma Mai Madubi, na ga kana rubutu, kada ka ce komai.